Garuruwan cikin kwari: hanya ce ke raya su, ita ce kuma ke tsallake su

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar wata ƙasa mai tsaunuka, ko Suwizalan ce ko Nefal ko Japan, zai ga garuruwanta ba a warwatse suke ba yadda ake gani a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A jere suke, ɗaya na bin ɗaya kamar 'ya'yan carbi, kogi ne zaren. Kusa da kogin titi na biye, kusa da titin layin dogo idan akwai, sai turakun wutar lantarki, duk a matse cikin ɗan filin da wani lokaci faɗinsa bai kai kilomita guda ba. Dama dutse, hagu dutse. Mutumin irin wannan gari fuska biyu kawai gare shi ta tafiya, ko ya haura ko ya gangara, kuma kusan duk abin da ya taɓa samun garinsu, alheri ko akasinsa, ta ɗaya daga cikin fuskokin nan ya shigo.

Abin da ya ja mutane cikin kwari tun farko ba ɓoyayye ba ne: ruwa, da ƙasa mai laushi da kogi ke saukowa da ita daga tudu, da mafaka daga iskar kan tsauni. Abin lura shi ne gurbin da suka zaɓa a cikin kwarin. Da wuya ka samu tsohon ƙauye a bakin ruwa. Fadamar tsakiya ta noma ce da kiwo, kuma kogi na iya cinye ta duk ranar da ya ga dama. Gidaje akan ɗora su ne a kan ɗan tudun tsakuwa da yashi da ƙaramin rafi ya tara a inda ya faɗo cikin babban kwari, ko a kan wani dakali da kogin ya bari can sama tun zamanin da yake gudu ta nan. Gari mai ɗan girma kuwa, duba shi a mahaɗar kwari biyu, inda kasuwa ke ci. Ko a maƙurar da duwatsu suka matse kogi har ana iya ɗora gada, inda mai iko ke kafa ganuwa yana karɓar kuɗin fito. Ko a gindin mashigin tsauni, inda dole matafiyi ya kwana kafin ya tunkari hawa.

Sai kuma rana. A ƙasashen da rana ke ratsawa ƙasa-ƙasa lokacin sanyi, gefen kwarin da ke fuskantar ta shi ke samun gidaje da gonaki, ɗaya gefen a bar wa daji. Akwai ma garuruwan da tsauni ke tare wa rana ɗungurungum. Ƙauyen Viganella a arewacin Italiya kan yi kwana 83 bai gan ta ba, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, har a 2006 suka kafa wani madubin ƙarfe mai mita 8 da mita 5 a kan dutse yana jefo haske dandalin ƙauyen. Rjukan na ƙasar Norwe ya fi haka, kusan rabin shekara yake yi a inuwa. Manomi ba zai taɓa zaɓar wurin ba. Kamfanin Norsk Hydro ne ya kafa garin a farkon ƙarni na 20 saboda ruwan da ke zubowa daga tsauni, wanda ya mayar wutar lantarki, kuma a 1928 sai da ya kafa motar igiya don ma'aikata su riƙa haurawa su sha hantsi. Nasu maduban sun zo a 2013.

Amma ruwa da rana ba su isa su bayyana yadda wasu ƙauyukan da gonakinsu ba sa kai su ƙarshen shekara suka yi arziki har suka zama masu faɗa a ji ba. Don gane wannan, babu misalin da ya kai mashigin Gotthard a tsakiyar Suwizalan, mai tudun mita 2,106. Shi ne hanya mafi miƙewa tsakanin kogin Rhine a arewa da birnin Milan a kudu, amma ƙarni da ƙarni fatake na kauce masa saboda wani kwazazzabo da ake kira Schöllenen, inda kogin Reuss ke kwarara tsakanin bangayen dutse babu wurin sa ƙafa. Wajen shekarar 1230 aka samu aka ɗora gada a wurin, aka kuma rataya wata hanyar katako a jikin dutsen. Daga nan labarin kwarin Uri, da ke gefen arewa na mashigin, ya sauya. A 1231 mutanen kwarin suka karɓi takardar 'yanci da ta sa su kai tsaye ƙarƙashin sarkin daular Jamus ta wancan zamani, babu wani ubangida a tsakani, kuma Uri na cikin yankuna ukun da ake ɗaukar ƙawancensu na 1291 a matsayin tushen ƙasar Suwizalan. Daga baya ma suka tsallaka mashigin suka mallaki kwarin Leventina na ɗaya gefen, suka riƙe shi har 1798. Makiyayan shanu ne fa, sai dai makullin ƙofa na hannunsu.

Yadda suka ci moriyar makullin shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. Ɗan kasuwa ba ya zuwa da dabbobinsa ya wuce. Kowane yanki na kwarin yana da ƙungiyar masu alfadarai da ke da haƙƙin dako a iya rabonsu na hanya. Kaya na isowa iyaka sai a sauke su a ma'ajiya, a auna, a biya, a sake labta wa dabbobin ƙungiya ta gaba. Shanu da cuku na gangarawa kudu, shinkafa da siliki da kayan yaji na haurowa arewa, kowane ƙunshi sai ya bar wani abu a kowane zango. Mai masauki ya samu, maƙeri mai yi wa dabba takalmi ya samu, mai ciyawa ya samu, waɗanda ke fita da shanu su tattake dusar ƙanƙara don hanya ta buɗe su ma sun samu. A idon ɗan kasuwa wannan tatsa ce da ɓata lokaci. A wurin mutanen kwarin kuwa jinkirin nan shi ne abincinsu. Arzikin garin kwari yana cikin tsayawar matafiyi, kuma tazarar da ke tsakanin garuruwan ma sau da yawa tazarar abin da dabba mai kaya za ta iya ci ce kafin ta buƙaci hutu. Duk wani ci gaban sufuri da ya biyo baya, manufarsa guda ce, a rage tsayawa.

A 1830 aka kammala titin da keken doki zai iya bi. Tafiyar kwanaki ta koma ta awa 23 a keken gidan waya, daga Flüelen a bakin tafkin Lucerne zuwa kusa da Como a Italiya. Masu alfadarai suka fara rasa aiki, masu masauki da masu canjin dawaki suka samu. Sai ga jirgin ƙasa. Shekara goma aka kwashe ana aikin, aka huda dutsen tsawon kilomita 15 daga Göschenen zuwa Airolo, aka buɗe layin a 1882. Akasarin ma'aikatan talakawan Italiya ne. Kusan 200 suka mutu a aikin ramin, aka harbe huɗu a 1875 da suka yi yajin aiki, shi kansa shugaban aikin Louis Favre a cikin ramin ya yanke jiki ya faɗi ya mutu a 1879. Don jirgi ya iya cin gangaren sai da aka riƙa murɗa layin cikin dutse yana zagaye kansa, shi ya sa har yau fasinja ke ganin cocin ƙauyen Wassen sau uku ta taga, ya hango ta a samansa, ya zo daura da ita, sannan ya leƙo ta a ƙasansa, in bai san hanyar ba ya zaci coci uku ne.

Ƙauyukan da ke sama da bakin ramin, Andermatt da Hospental, suka wayi gari babu ayari. Göschenen da ya tara mutum kusan 3,000 a 1880 lokacin aiki, yau mazaunansa ba su kai 500 ba. Duk da haka jirgin wancan zamani mai tsayawa ne. Yana shan ruwa, yana ɗaukar kwal, ana ƙara masa kai kafin hawa, fasinjoji na sauka su ci abinci a tashar Göschenen. Erstfeld a gindin hawa ta arewa da Biasca ta kudu suka zama garuruwan ma'aikatan jirgi. Wato zango bai mutu ba, matsawa ya yi. A 1980 aka buɗe ramin motoci mai kusan kilomita 17, babban titi ya bi ta saman ƙauyuka a kan dogayen ginshiƙai, direba na hango rufin gidaje yana wucewa. A 2016 kuma aka buɗe sabon ramin jirgi mai kilomita 57 daga Erstfeld zuwa Bodio, mafi tsawo a duniya, wanda ya shige ta gindin tsaunin baki ɗaya. Abin da alfadari ke yi a kwanaki, jirgi na gamawa cikin kimanin minti 20 a duhu, fasinja bai ga Wassen ba, bai ga Airolo ba, bai ma san da su ba.

Mutanen wani kwarin da ramin ya bi ta ƙarƙashinsa sun yi yunƙurin kamo rabonsu. A Sedrun akwai rijiyar aiki mai zurfin mita 800 da ta sauka har kan layin, sai suka ce a mayar da ita tasha, fasinja ya sauka a ƙarƙashin ƙasa a hauro da shi. An sa wa shirin suna Porta Alpina, an fara kashe kuɗi, a 2007 aka jingine shi. Dalilin kuwa a fili yake: jirgi ɗaya da zai tsaya a tsakiyar rami yana tare wa na bayansa hanya, alhali don gudun tsayawa aka haƙa ramin. Ban ga laifin waɗanda suka yanke wannan hukunci ba, Zurich zuwa Lugano yanzu bai kai awa biyu ba, miliyoyin mutane na amfana. Abin da nake ganin ana yawan ɓoyewa a ranar yanke kyallen buɗe irin waɗannan ayyuka shi ne ribar sauri a bakunan hanya biyu take taruwa, asararsa kuma ta zube a tsakiya. Andermatt dai ya sha da ƙyar. Barikin soja ya riƙe shi shekaru, da sojan suka janye sai wani attajirin Masar, Samih Sawiris, ya zo tun daga 2005 ya mayar da shi wurin shaƙatawar masu kuɗi. Ba kowane ƙauye ne ke da irin wannan rabo ba.

Akwai abin da ya fi tsallakewa ciwo, shi ne a bi ta kanka ba a tsaya ba. Mashigin Brenner tsakanin Ostiriya da Italiya tudunsa mita 1,370 ne kawai, shi ne mafi sauƙin hawa cikin manyan mashigan tsaunukan Alps, don haka manyan motoci sama da miliyan biyu ke bi ta kansa duk shekara. Ƙauyukan kwarin Wipptal, da titin ke bi ta cikinsa, nasu ƙara ce da hayaƙi. Kuma hayaƙi a kwari ba irin na fili ba ne. Da dare iska mai sanyi kan gangaro ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, duk abin da aka fesa ya tsaya cik. Haka ta faru a kwarin Meuse na Beljiyam a Disambar 1930, hazo ya riƙe hayaƙin masana'antu kwanaki, mutum sama da 60 suka mutu, aka sake maimaitawa a Donora ta Amurka a 1948, mutum 20. Masu ƙuri'a a Suwizalan sun amince a 1994 a mayar da kayan da ke ratsa tsaunuka kan jirgin ƙasa, kuma yau kusan kashi 70 cikin 100 na kayan ta dogo suke bi, ko da yake har yanzu ba a sauko da manyan motoci zuwa 650,000 a shekara da doka ta tanada ba.

Akan ɗauka cewa kafin zuwan mota mutanen kwari a kulle suke. Rabin gaskiya ce. Lallai kowane kwari kan riƙe bakinsa: harshen Romansh, da masu jin sa ba su wuce dubun-dubata ba a gabashin Suwizalan, yana da rubutattun karin harshe har biyar, sai a 1982 aka ƙirƙiro na bai-ɗaya. Amma mai tafiya a ƙafa tsauni bai cika tare shi ba, kwazazzabon da ke bakin kwari ya fi ba shi tsoro. Da rani ya haura ya faɗa kwarin maƙwabta, ya yi ciniki, ya nemi aure. Mutanen Walser haka suka bazu a ƙarni na 13 daga kwarin Rhone na sama zuwa cikin Italiya da Ostiriya, duk ta saman duwatsu. Kakannin mutanen Macugnaga a Italiya daga kwarin Saas na Suwizalan suka tsallako ta mashigin Monte Moro, tafiyar yini guda. Yau wanda zai je da mota sai ya gangara, ya zagaya ta mashigin Simplon, ya sake haurawa, fiye da kilomita 100. Titin mota ya juya fuskar kowa zuwa gangare, ya kusanto da birni, ya nesanta maƙwabci.

Babu inda wannan ya fito fili kamar kwarurukan kudancin Wales a Birtaniya. Su ba mashigi gare su ba, abin da ke ƙarƙashinsu aka zo nema. A jere suke, sun miƙe daga arewa zuwa kudu, kowanne da kogi da tudu a tsakaninsa da na gaba. Mashigin ruwa da aka haƙa a 1794 ya haɗa masana'antun ƙarfe na Merthyr Tydfil da Cardiff, layin dogo na Taff Vale ya biyo baya a 1841, daga nan kowane kwari ya samu layinsa. Kwarin Rhondda da mutanensa ba su kai 2,000 ba a 1851 ya haura 160,000 a 1921. Gidaje suka jeru manne da juna a jikin gangare, layi kan layi, ƙauye ya shige cikin ƙauye har ba a gane iyaka sai an ga allo. Da yake babu fili, tarkacen da ake fitarwa daga ramukan kwal a kan tudu ake jibge shi, sama da gidajen mutane. Ranar 21 ga Oktoba 1966 ɗaya daga cikin tsibin nan, da aka ɗora a kan idon ruwa, ya zame ya rufto kan makarantar firamare ta Aberfan. Mutum 144 suka rasu, 116 yara ne.

Layukan nan an shimfiɗa su ne don kwal ya gangara teku, ba a yi su don mutanen wannan kwari su je wancan ba. Manyan titunan da suka tsallaka tudu daga Rhondda sai a ƙarshen shekarun 1920 aka yi su, su ma don a samar wa marasa aiki abin yi ne. Ramin jirgi mai kusan kilomita 3 da ya haɗa Rhondda da kwarin Afan an rufe shi a 1968. Da mahaƙar kwal ta ƙarshe ta kwarin Rhondda, Maerdy, ta rufe a Disambar 1990, sai aka bar jama'a da hanya mai fuska guda, duk safiya a gangara Cardiff neman abinci, da yamma a hauro. Gwargwadon nisanka da bakin kwari, gwargwadon wahalarka. Mutanen Rhondda yau ba su kai rabin na 1921 ba.

Kada a ce wannan duk kukan ƙasashen da suka ƙoshi ne, ga kwarin Hunza a arewacin Pakistan, inda zuwan hanya ya faru a idon mutanen da har yanzu suna raye. Ƙaramar masarauta ce da ke da sarkinta har 1974, mutanenta na noma 'yan gonaki a kan dakalin dutse da ruwan ƙanƙara da suke jawowa ta magudanan da aka sassaƙa a jikin tsauni. Ƙarshen sanyi lokacin yunwa ne, rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka kammala babbar hanyar Karakoram mai kimanin kilomita 1,300, wadda ta haura mashigin Khunjerab, kusan mita 4,700, ta faɗa ƙasar Sin. Ma'aikata kusan dubu ne suka mutu a aikinta. Alherinta ba abin musu ba ne. Alkama mai rangwame ta shigo, yunwar ta kau, yara suka tafi karatu birane, manoma suka koma shuka dankalin sayarwa, baƙi masu yawon buɗe ido suka cika garin Karimabad na kwarin.

Sai ranar 4 ga Janairun 2010 gefen wani tsauni ya zaftare a Attabad, ya kashe mutum 20, ya toshe kogin Hunza. Ruwa ya taru a baya ya zama tafki mai tsawon kilomita 21, ya haɗiye ƙauyuka da wani dogon yanki na hanyar. Mutum kimanin 25,000 da ke sama suka yanke daga sauran ƙasar. Shekara biyar komai a kwalekwale yake tsallakawa: buhun gari, man fetur, mara lafiya, har ƙananan motoci akan ɗora su a kan katakai a gicciye bisa jirgin ruwa, ƙafafunsu na leƙen tafki. Dankalin da aka dogara da shi kuɗin lodi da saukewa ya cinye ribarsa. Kakanninsu da ba su san hanya ba sun san yadda ake cin shekara da abin da kwarin ya bayar. Jikokin sun riga sun sauya shuka, sun sauya ci, babu komawa. Sai a 2015 da aka huda sababbin ramuka a gefen tafkin motoci suka dawo, tafkin kuma ya zama wurin da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto.

Wannan shi ne raunin da ke bin kowane garin kwari, na mai kuɗi da na talaka: komai a layi ɗaya yake, abin da ya yanke titi shi zai yanke dogo da waya da bututun ruwa a lokaci guda. Ambaliyar kwarin Ahr a Jamus a Yulin 2021 ta kashe mutum sama da 130, ta kwashe gadoji da layin jirgi cikin dare ɗaya. Kogin ya taɓa yin irin haka a 1804 da 1910, amma an manta, gidaje sun gangaro fadamar da magabata suka ƙi ginawa. Zaftarewar dutse a kwarin Maurienne na Faransa a Agustan 2023 ta rufe layin Faris zuwa Milan har ƙarshen Maris na 2025. A Mayun 2025 ƙanƙarar tsauni ta rufto ta binne kusan dukkan ƙauyen Blatten a Suwizalan; sa'ar da aka yi, masu lura da dutsen sun sa an kwashe mazauna kimanin 300 kwanaki kafin nan. Wani lokacin kuma ba tsautsayi ba ne, hukuma ce ke ganin kwari mai ƙunƙuntar baki ta ga wurin tara ruwa. Hasumiyar cocin Graun na tsaye a tsakiyar tafki a arewacin Italiya tun 1950, tsohuwar Wadi Halfa ta Sudan na ƙarƙashin ruwan madatsar Aswan, tsohuwar Bussa na ƙarƙashin na Kainji.

To me ke riƙe mutane a irin waɗannan wurare? Amsar da 'yan siyasa suka fi so ita ce sabon titi, don shi ake gani. Amma titi mai kyau fuska biyu yake aiki. Da zarar zuwa babban gari ya koma tafiyar rabin awa, sai hukuma ta ga babu dalilin riƙe ƙaramin asibiti da makarantar sakandare a sama, mai kanti ya ga abokan cinikinsa na gangarawa sayayya, matashi ya ga in dai kullum zai gangara aiki gara ya tare can. Wanda ba ya tuƙi, tsoho da ɗalibi da mara hali, shi ake bari da dogon titi babu abin hawa. Ƙauyen Albinen a jihar Valais ta Suwizalan ya kai ga ƙuri'a a 2017 cewa zai biya baligin da ya cika sharuɗɗa ya zo ya zauna shekara goma faran 25,000 na Suwizalan, kowane yaro 10,000. Labarin ya zaga duniya, amma a ganina abin da ya fi shi tasiri shi ne wanda ba ya shiga jarida. Dokar ƙasar ta sa gwamnatin tarayya da jihohi su haɗu su ɗauki nauyin bas ko jirgi zuwa ƙauyen da ke da mazauna aƙalla 100, kuma tun 1982 jadawalin jirage ya zama mai maimaita kansa: in jirgi ya tashi takwas da minti goma sha biyu, zai sake tashi tara da sha biyu, motar gidan waya mai launin rawaya na jira a bakin tasha ta ƙarasa da mutane can ƙuryar kwari. Tsada gare shi ƙwarai, kuma kuɗin mutanen birni ne ke biya.

Japan, inda ƙauyukan tsaunuka ke tsufa fiye da ko'ina, ta gwada amsoshin biyu. Layin Sanko mai kilomita 108 da ke bin kogin Gonokawa, wanda sai a 1975 aka gama haɗa shi, an rufe shi a 2018 saboda rashin fasinja, aka ce bas ya maye gurbi. Layin Tadami kuwa ambaliyar Yulin 2011 ta kwashe masa gadoji, ta yanke wani yanki mai kusan kilomita 28 wanda ko kafin nan fasinjojinsa kimanin 50 ne a rana. Kamfanin jirgin ya so a koma bas nan ma. Jihar Fukushima da ƙananan hukumomin kwarin suka ƙi, hujjarsu ita ce titin da ke haɗa su da jihar Niigata dusar ƙanƙara na rufe shi duk lokacin sanyi, kuma baƙin da ke zuwa kallon kwarin don jirgin suke zuwa. Aka daidaita a kan cewa jihar ta mallaki layin da gadojinsa, ita da ƙananan hukumomin su riƙa biyan kuɗin kula da shi kowace shekara, kamfani kuma ya kawo jirgi da direba. An sake buɗe yankin ranar 1 ga Oktoba 2022, bayan shekara 11, jirgi uku zuwa uku dawowa a rana.